Jan da ke hawa kan farin rubutu ba da tina ake cire shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da 'yan'uwanmu masu aiki da na'urar leza, musamman matasan da suka shigo sana'ar ba da daɗewa ba, a kan wata matsala da ke cinye musu kaya da kuɗi. Duk wanda ya lura da bajon suna da ma'aikatan asibiti ko na banki ke maƙalawa a ƙirji, ko ƙananan allunan ƙofar ofis, ko alamun da ake mannawa jikin akwatin wutar lantarki, zai ga na wasu rubutun fari tas, na wasu kuwa farin ya koma ruwan hoda ko ya yi dishi-dishi da shuɗi. Mai kaya yakan ɗauka robar ce ba ta da kyau. Sau da yawa robar lafiyarta ƙalau, aikin ne aka yi a gurguje, aka kuma goge shi da abin da bai kamata ba.

Robar nan hawa biyu ce. Akwai jikinta, wanda yawanci akirilik ne mai kaurin milimita 1.6, sai wata fata siririya mai launi a samansa da kaurinta bai kai milimita 0.1 ba. Aikin leza shi ne ta ƙone fatar nan a inda ake son rubutu, launin ƙasa ya bayyana. Abin da aka ƙone ba ɓacewa yake yi ba. Wani ya tashi hayaƙi, wani ya zama gari mai laushi ƙwarai, kuma garin yana ɗauke da launin fatar. Akirilik yana fara laushi daga wajen digiri 100, saboda haka farin da aka buɗe yanzun nan yana nan da zafinsa da danƙonsa na ɗan lokaci. Garin da ya sauka a kansa a wannan lokacin ya kama ke nan. Ga shi kuma wurin da aka sassaƙa ba sumul yake ba, ƙananan layuka ne jere da juna, launi yana maƙalewa a tsakaninsu. Ja a kan fari ya fi kowanne tona asiri, shuɗi da baƙi suna biye.

Don haka rabin wankin tun a cikin na'ura ake yin sa. Yawancin na'urori suna zuƙe hayaƙi ne ta baya. Idan aka fara sassaƙa daga saman zane ana gangarowa ƙasa, hayaƙin kowane sabon layi sai ya bi ta kan farin da aka riga aka buɗe kafin ya kai ga fanka. A juya tsarin: a fara daga ƙasa, wato gefen da ke kusa da mai aiki, a haura. Hayaƙin zai riƙa bi ta kan fatar da ba a taɓa ba, wadda za a ƙone ta ko a goge ta cikin sauƙi daga baya. A manhajar LightBurn da ake sarrafa na'urar leza da ita, kusurwar layi ta 0 daga ƙasa take tashi zuwa sama, 180 kuma daga sama zuwa ƙasa. Wannan gyara ɗaya ba ya cin ko sisi, kuma shi ne farkon abin da ya kamata a duba idan fari ya fara rinewa.

Sai iskar da ke hurowa ta bakin na'ura. Wajen yanka ana buƙatarta da ƙarfi don kada wuta ta kama. Wajen sassaƙa kuwa, iska mai ƙarfi danna garin take yi a cikin roba mai zafi. A rage ta, a bar ɗan abin da zai kare gilashin bakin daga hayaƙi, a bar fankar baya ta yi aikin kwashewa. Ita ma fankar a duba ta: bututun da ya toshe da dauɗa, ko wanda aka lanƙwasa har sau uku kafin ya fita ta taga, ba zai ja komai ba.

Kuskuren da muka fi gani shi ne ƙara ƙarfin wuta don rubutu ya yi zurfi. Fatar siririya ce, ba zurfi ake nema ba. Ƙarfi ya yi yawa, jikin robar ya narke, ya haɗiye launin, kuma abin da ya shiga cikin narkakkiyar roba babu sabulun da zai fito da shi. Haka nan idan layuka suka matsu da yawa, zafi yana taruwa wuri ɗaya. Tazarar milimita 0.05 zuwa 0.08 tsakanin layi da layi ta ishi yawancin rubutu. Ga ja da shuɗi, gara a bi aikin sau biyu. Zagayen farko da ƙarfin da zai cire fatar kawai. A buɗe murfi, a share garin da buroshi mai laushi ba tare da an motsa allon ba, sannan a sake bi da ƙarfin da bai wuce rabin na farko ba, da gudu sosai, an kuma ƙara nisan allon daga bakin na'ura da milimita 1 zuwa 2 a kan saitin farko. Hasken ya ɗan faɗaɗa ke nan, sai ya share ragowar launin ya daidaita layukan. Na'ura mai wat 60 da mai wat 100 ba saitinsu ɗaya ba, bututun da ke samar da hasken leza ma idan ya tsufa ba ya ba da ƙarfin sabo, don haka a gwada a kan guntun da ya rage daga allon da za a yi aikin da shi.

Ledar da ke zuwa manne a fuskar roba daga kamfani a ɓare ta kafin sassaƙa. Idan aka bar ta, narkewa take yi ta cuɗe da garin ta zama ƙanzo a bakin haruffa.

To, aiki ya fito, ga gari a kansa. A bar shi ya huce tukuna. Kada a sa yatsa, kada a sa busasshen tsumma, domin gogar farko da aka yi a bushe ita ce ke cusa launin cikin farin. A kaɗe abin da zai kaɗu da buroshin fenti mai laushi. Daga nan a ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo huɗu ko biyar a rabin lita na ruwa, a jiƙa allon sosai, a bi cikin haruffa da buroshin haƙori mai laushi, ana bin layukan sassaƙar ta yadda suka kwanta, hagu zuwa dama. Za a ga kumfar tana komawa ja. A ɗauraye da ruwa mai gudu kafin kumfar ta bushe, in ba haka ba launin ya koma inda ya fito. A tsane da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, dannawa ake yi ba gurzawa ba, kuma ƙyallen da ya taɓa jan allo kada ya je kan wani fari. Omo na gari da soson ƙarfe ba su da wuri a nan, ƙarce fatar suke yi.

Idan akwai saura, farin soson nan na melamin da ake goge bango da shi yana taimakawa, a jiƙe, a hankali, a cikin farin kaɗai. Shi ma gurza yake yi, kuma a kan fata mai sheƙi ko mai kamar zinariya da azurfa zai bar tabon da ba ya gyaruwa.

Abin da ya fi damunmu, Malam Edita, shi ne tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi. Ta zama ruwan dare a shaguna saboda tana kusa kuma tana cire dauɗa nan take. Tina da asiton, irin wanda ake goge jan farce da shi, narkar da akirilik suke yi. Sun narkar da fatar, sun kwaso launinta sun shafe farin da shi, sheƙin fuskar kuma ya mutu. Fetur ma bai dace ba. Sifirit ya fi su sauƙi, amma yana da tasa illar: gefen da leza ta yanka yana riƙe da tsaurin zafin da ya sha, sifirit na taɓa shi sai ƙananan tsage-tsage su fito kamar gashi, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan an kai wa mai kaya. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da shi, ya ɗan jiƙa auduga ya taɓa cikin harafi kawai, ya nisanci gefe, bayan ya gwada a guntu.

Danƙon da ke fitowa a bakin yanka kuwa, hana shi ya fi cire shi. A gama sassaƙa, a share, sannan a lulluɓe fuskar da salatif na takarda mai sauƙin ɓarewa, a yanka. Hayaƙin yanka zai sauka a kan takardar, a ɓare a yar. Wasu suna shafa sabulun ruwa siriri a fuskar maimakon takarda, su wanke bayan yanka, shi ma yana aiki. A ɗaga allon kaɗan daga ragar teburin don kada bayansa ya yi tabon wuta.

Masu aiki a Arewa su ƙara kula a lokacin hunturu. Bushewar iska tana sa roba ta riƙa jawo ƙura da kanta, ɓare ledar fuska ma kaɗai ya isa ya sa gari ya manne mata. Shafa allon da ƙyalle mai ɗan danshi kafin a sa shi a na'ura yana rage wannan. Madubai na cikin na'ura da gilashin baki kuma su fi samun goga a wannan lokaci, don gilashi mai dauɗa yana rage ƙarfin haske, mai aiki ya ƙara wuta, a koma gidan jiya.

Akwai kuma robobi masu launi biyu da ba don leza aka yi su ba. Na ABS don injin sassaƙa mai bakin ƙarfe da ke juyawa aka yi su, a leza narkewa suke yi su dunƙule. PVC kuwa haɗari ne: ƙona ta yana fitar da iskar da ke cutar da huhu, tana kuma sa ƙarafan na'ura tsatsa. Idan mai sayarwa bai iya faɗin irin robar ba, a ɗora wayar tagulla a wuta ta yi ja, a taɓa guntun robar da ita, a mayar cikin harshen wutar a waje inda iska ke kaɗawa. Idan harshen ya koma kore, akwai sinadarin kulorin a ciki, kada allon ya shiga na'ura.

Mun gode da wannan fili.

Wassalam,
Daga wasu masu sana'ar rubutun allo da na'urar leza, Kano