Zuwa ga Hajiyar da ta tambayi dalilin bambancin halin 'ya'yanta

Assalamu alaikum Hajiya. Ya gida, ya yara?

A shirin rediyon makon jiya kin bugo waya kika ce 'ya'yanki maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a kwano ɗaya suka ci tuwo, amma babban sanyi kamar ruwan randa, ƙaramin kuwa ko kallonsa aka yi sai an ji kansu. Kika tambaya ko ke ce kika yi sake wajen tarbiyya. Mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, ban samu na amsa miki ba.

Hajiya, ki sauke wannan kayan daga kanki. A 1979 wani masani a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Thomas Bouchard, ya fara bibiyar tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a gidan riƙo daban. Cikinsu akwai Jim Lewis da Jim Springer, waɗanda sai da suka kai shekara 39 sannan suka haɗu. Da aka gwada irin waɗannan tagwaye, sai ga halinsu ya zo kusa kamar na waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya. Bincike iri-iri da aka tara ya nuna kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane gado ne. To amma wa da ƙane ba tagwaye ba ne, kusan rabin gadon kawai suke tarayya a kai. Wannan ya ɗauko kakansa, wancan ya ɗauko kawunsa. Ki duba dangi, ina jin ba za ki rasa wanda ƙaramin ya biyo ba.

Sauran kason da ba gado ba kuma? Nan ne ni kaina na sha mamaki lokacin ina ɗalibi. Yaran riƙo da suka tashi gida ɗaya ba jini ɗaya ba, in sun girma halinsu da kyar yake kama da juna. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda ya sami kowa shi kaɗai: abokansa, ciwon da ya yi, malamin da ya tsorata shi. Zafin zuciya da sanyinta nake nufi fa. Gaisuwa da sallah da kunya, waɗannan a hannunki suka koya.

Kada ki ɗauka akwai sikelin auna hali. A 1936 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Allport da Odbert, suka bi ƙamus ɗin Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Daga baya aka tace su zuwa biyar: son shiga jama'a, sauƙin kai, tsari da cika aiki, saurin damuwa da hasala, sai son sabon abu. Tambayoyi ake ba mutum ya amsa da bakinsa, kuma kin san ba mai cewa miyarsa ba daɗi. Da aka kai ma'aunin wurin mutanen Tsimane na Bolibiya, rahoton 2013 ya nuna biyar ɗin ba su fito sarai ba. Shi ya sa nake taka-tsantsan da shi a kan Bahaushe.

Mukan ce hali zanen dutse, amma ban yarda da maganar ɗari bisa ɗari ba. Waɗanda aka bibiya shekara da shekaru sun nuna tsakanin shekara 20 da 40 yawancin mutane kan ƙara natsuwa da riƙon aiki. Mai zafi ba ya komawa ruwan randa, sai dai wutar takan ragu. Kin ce ƙaramin ɗanki shekararsa 17. Abu ɗaya nake roƙo, a rage ce masa "ba ka ga yayanka ba?" In kuma fushin ya kai ga duka ko fasa kaya, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne.

Ki gaishe mini da su duka biyun. Wassalam.