Wasiƙa Daga Nima: Ruwan Jakuzi Ya Daidaita

Nima, Accra

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Na san ka ji haushin shiruna tun bayan Babbar Sallah, kuma ba ni da wani uzuri sai aikin da na samu a wani masauki a East Legon, inda aka damƙa mini kula da kwamin wanka na ruwan zafi, wanda kowa a nan yake kira jakuzi. Wata biyu ruwan nan ya hana ni sakat, sai a makon nan hankalina ya kwanta.

Ranar da na kama aiki na tarar da ruwan ya yi fari kamar an tsinka koko a ciki, ga kumfa, ga warin kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, mai sa ido hawaye. Wanda na gada ya ɗauka warin nan alamar tsabta ne, alhali yana tashi ne idan kulorin ya haɗu da gumi da dattin jiki har ƙarfinsa ya ƙare. Kafin mako ya zagayo wata baƙuwa ta fito da ƙuraje a bayanta, maigida kuma ya dube ni da idon da har yau ban manta ba, domin lafiyar mutum ce aka ba ni amana.

Kuskurena na farko shi ne bin ma'aunin pH kaɗai, wato awon tsamin ruwa ko kanwarsa. Ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya haura, kulorin yakan yi sanyi, farin ɓawo ya kama ƙarfen dumama ruwa. Idan ya faɗi, ruwan yakan ci ƙarfe ya kuma yi wa fata zafi. Kullum da safe ina saukar da shi, da yamma ya sake hawa, ashe iskar da bututun tausa ke hurawa ce take korar iskar kabon daga ruwan, shi kuwa ma'aunin sai ya tashi. Daga baya na gane cewa alkaliniti ake fara gyarawa, domin shi ne yake riƙe pH kada ya yi ta lilo. Ana neman kashi 80 zuwa 120 cikin miliyan. Idan ya gaza, bekin soda ta masu yin kek take ɗaga shi. Sai ya zauna sannan a taɓa pH, sannan a kawo kulorin tsakanin kashi 3 da 5 cikin miliyan. Kai da kake tsere wa darasin kimiyya ka tafi ƙwallo a filin Kawukudi, na san kanka ya fara juyawa, amma ka daure ka karanta.

Ruwan rijiyar burtsatsen gidan ma ya wahalar da ni: yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, da kulorin ya shiga sai ya koma ja kamar shayi. Na zubar da shi duka, na wanke matatar, na cika da ruwan famfo. Yanzu ina roƙon kowane baƙo ya watsa ruwa kafin ya shiga, domin man kaɗanya da man gashi su ne suke toshe matata su kawo kumfa. Zafin ina barinsa a digiri 38, ba na yarda ya wuce 40.

Abin da ya rage mini tsoro shi ne ɗauke wuta. Idan injin da ke juya ruwan ya tsaya, ruwan ɗumi ya kwana bai motsa ba, ƙwayar cutar Lijonela tana iya yaɗuwa, kuma ta feshin da mutum yake shaƙa take shiga huhu. Duk ranar da hakan ta faru ina rufe wurin har sai na auna, ko da maigida zai ɓata rai.

Ina da roƙo guda. Takardun gwajin da muke tsomawa a ruwa suna lalacewa da laimar Accra, launinsu ya riƙa ruɗin mutum. Idan ka ga na'urar gwaji mai ɗigon magani a can wajenku, ka saya mini ka ba Alhaji idan zai dawo, zan miƙa wa Hajiya kuɗin. Tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran hoton jaririn.

Naka har kullum,
Amininka na Nima