Auna Fahimta a Turanci: Dabarun Ɗaliban Ƙasar Sin da Za Su Yi Aiki a Makarantun Katsina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malaman Turanci na Jihar Katsina, da shugabannin makarantu, da iyayen yara, a kan ɓangaren jarrabawar da ke kayar da ɗalibanmu ba tare da an lura ba, wato auna fahimta. Duk shekarar da sakamakon WAEC da NECO ya fito, maganar da ake ji a gidaje ita ce, "Turanci ne ya riƙe shi." Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, amma babu kiredit a Turanci, kuma idan babu shi ƙofar jami'a a rufe take, ko ta Umaru Musa 'Yar'adua ce, ko ta Dutsin-Ma, ko ta Sufuri da ke Daura wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina.

Mun san Sinawa da gine-gine da wayoyin hannu. Abin da ba mu cika sani ba shi ne yadda suke horar da 'ya'yansu a kan karanta Turanci, alhali yaron can ba ya jin Turanci a kasuwa, ba da shi ake koya masa sauran darussa ba, rubutun harshensa ma ba na boko ba ne. Jarrabawarsu ta shiga jami'a, Gaokao, ana fara ta ran 7 ga Yuni kusan kowace shekara, kuma a 2024 ɗalibai sama da miliyan 13 suka yi rajistarta. A mafi yawan larduna jimillar maki 750 ne, Turanci na da 150, ana rubuta shi cikin minti 120. A sabon tsarin takardar, karatu kaɗai na da maki 50: matani huɗu masu tambayoyin canki-canka 15, sai matani na biyar da aka zare wa jimloli biyar. Ga kuma wani ɓangare mai maki 25 inda ake ba ɗalibi farkon labari a ce ya ƙarasa shi a sakin layi biyu, wanda shi ma sai an fahimci abin da aka karanta ake iya taɓa shi.

Mu duba tamu. A takarda ta biyu ta WAEC insha'i na da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ashe rabin takardar karatu ne tsagwaronsa. Amma a ajujuwa da yawa, lokacin Turanci yana ƙarewa ne a kan nahawu da tsarin rubuta wasiƙa. Auna fahimta kuwa, malam ya karanta matanin da ƙarfi, ya fassara shi da Hausa jimla bayan jimla, ya rubuta amsoshi a allo, yara su kwafa. A wannan darasi malam ne ya yi karatu. Ran jarrabawa kuwa babu malam, sai yaro da takarda da agogo.

Abu na farko da Sinawa suka riƙe shi ne yawa da ɗorewa. Manhajarsu ta 2017 ta nemi ɗalibin da ya fara babbar sakandare ya riƙa karanta aƙalla kalmomi 1,500 a mako, ban da littafin aji. Wannan bai fi ƙarfinmu ba: matani biyar ne masu kalmomi 300, ɗaya a rana daga Litinin zuwa Juma'a. A zango mai mako 12 yaro ya karanta matani 60, a shekara 180, kafin ya gama aji uku na babbar sakandare ya haye 500. Wanda ya ratsa matani 500 ba zai firgita da na WAEC ba. Sai dai a zaɓi matanin da hankali. Masana koyar da harshe sun nuna cewa mai karatu na bukatar ya san kalmomi 95 zuwa 98 cikin kowane 100 kafin ya fahimci abin da ke gabansa. Saboda haka idan matani mai kalmomi 300 ya ƙunshi baƙin kalmomi fiye da 15, ya yi wa yaron tsauri, a sauko masa ƙasa. Ba abin kunya ba ne a ba ɗan SS1 matanin ƙaramar sakandare idan nan ƙarfinsa ya tsaya. Abin da ke kashe zuciyar yaro shi ne a ɗora masa abin da kowane layi sai ya buɗe ƙamus.

Na biyu, agogo. Malaman can kan ba da minti bakwai zuwa takwas ga kowane matani, har da amsa tambayoyinsa. Malam ya raba takarda a kife, ya ce a buɗe, ya duba agogo. Ba ƙamus, ba tambayar na kusa. A makon farko rabin aji ba za su gama ba, kuma bai kamata a ƙara musu lokaci ba, sai dai a rage tsawon matanin. Yawancin masu jinkiri abu biyu ke damunsu: suna motsa leɓe suna furta kowace kalma kamar mai hadda, ko kuma suna fassara kowace jimla zuwa Hausa a zuci kafin su wuce gaba. Maganinsa shi ne a sa su bi layi da bayan biro da sauri kaɗan fiye da yadda suka saba, a kuma hana su komawa baya sai sun kai ƙarshen sakin layi.

Inda nake so malamai su fi tsayawa shi ne dokar hujja. Dokar ita ce: ba a karɓar amsa sai ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da ya samo ta, ya rubuta lambar tambayar a gefe. Ga misali. A ce matani ya ƙunshi wannan jimla: "Although the dam was built to supply water to the town, it is the farmers downstream who have gained most from it." Aka tambaya, wa ya fi amfana da madatsar? Yara da yawa za su ce mutanen gari, domin kalmar town ce idonsu ya fara cin karo da ita kusa da water. Ba rashin sanin kalmomi ya kayar da su ba, duk sun san dam da farmers. Ƙaramar kalmar although ce suka tsallake, ita kuwa daidai take da "ko da yake" a Hausa, kuma kowane Bahaushe ya san idan aka ce "ko da yake", ainihin maganar tana gaba. Da an tilasta wa yaron ya ja layi a kan hujjarsa, da ya ga cewa jimlar ba ta ƙare a town ba. Irin waɗannan mahaɗai ba su da yawa: however, although, whereas, despite, unless, therefore, rather than, da 'yan kaɗan. A rubuta su a kwali tare da takwarorinsu na Hausa, a liƙa a bango, a sa yara su zagaye su da fensir a duk matanin da suka karanta. Haka ma wakilin suna: duk inda aka ga it, they, this ko which, a ja kibiya zuwa ga abin da yake nufi. Wannan aikin na minti biyu ne, amma shi ke warware doguwar jimla mai layi huɗu.

Sinawa sun kuma nazarci yadda masu tsara tambayoyi ke ɗana tarko a canki-canka, har sun raɗa wa kowane tarko suna. Akwai amsar da gaskiya ce a duniya amma ba a faɗe ta a matanin ba. Akwai wadda ta ɗauki misali ɗaya ta mai da shi jigon labarin gaba ɗaya. Akwai wadda suke kira ɗora hular wani a kan wani, wato an faɗi maganar a matanin, amma wani ne ya faɗe ta, ba wanda aka tambaya ba. Sai mai wuce gona da iri: marubuci ya ce some ko often, amsar ta ce all ko always. Ɗan JAMB da ya san waɗannan huɗun ya rage wa kansa asara, domin Turancin JAMB tambayoyi 60 ne, duka canki-canka. Bayan an duba aiki, kada malam ya tsaya a kan "amsa B ce". Ya ta da yaro ya faɗi abin da ya hana A da C da D zama daidai.

Matanin da ake zare wa jimloli biyar kuwa, babu irinsa a WAEC, amma ban san atisayen da ya fi shi koya wa yaro bin zaren magana ba, kuma almakashi kawai yake buƙata. Malam ya samu matani mai sakin layi huɗu ko biyar, ya cire jimloli biyar ya bar gurabensu, ya ƙara wasu biyu na bogi waɗanda suka yi kama da batun amma ba su da wurin zama, su zama bakwai. A aji mai yara 80, kwafi goma sun isa, rukuni goma na mutum takwas-takwas. Su yi ta gardama a kan wace jimla ta dace da wane gurbi. Kuskuren da malamai ke yi wajen haɗa shi shi ne zare jimlolin da ba su da alaƙa da maƙwabtansu, sai abin ya koma caca. A zare wadda ta fara da mahaɗi, ko mai wakilin suna, ko jimlar farko ta sakin layi wadda ke ɗauke da jigonsa. Yaron da ya saba gano jimlar jigo ya yi rabin aikin taƙaitawa mai maki 30.

Sai littafin kurakurai, wanda kusan kowane ɗalibin Gaokao ya san shi. Littafin rubutu ne na yau da kullum. A raba shafi gida huɗu: tambayar, amsar da na bayar, amsar daidai tare da jimlar hujja, sai dalilin faɗuwa. Gida na huɗu shi ne zuciyar aikin, kuma kada a yarda yaro ya rubuta "ban kula ba". Ya faɗi takamaimai: ban san kalmar ba, na tsallake not, na ɗauko daga kaina, lokaci ya ƙare. Ran Juma'a a ware minti 15 a waiwayi na makon. Bayan wata guda malam zai ga cewa ciwon kowane yaro daban ne, wani ƙarancin kalmomi, wani gaggawa. Su Sinawa kalmomin da ake tsammanin ɗalibi ya sani kafin Gaokao tsakanin 3,000 ne da 3,500. Kalmomi biyar a rana, waɗanda aka tsinto daga matanin ranar aka rubuta su cikin jimlarsu, sun fi jerin hamsin da aka haddace aka manta kafin Asabar.

Dole in ja kunne a nan, domin ba komai za a kwaso ba. Karatun Gaokao canki-canka ne, WAEC kuwa tana so yaro ya rubuta amsa da hannunsa, a cikin kusan minti 30 na auna fahimta da 40 na taƙaitawa. Don haka bayan yaro ya ja layi a kan hujja, akwai mataki na gaba: ya kife takardar ya faɗi maganar da kalmominsa. Kwafe jimla sukutum daga matani yana jawo asarar maki, musamman a taƙaitawa, inda kuma ake so amsa ta zo a cikakkiyar jimla, adadin da aka nema, ba ƙari. Tambayar musanya kalma ma tana da nata tarko: idan kalmar abandoned ce, amsar deserted ce, wanda ya rubuta desert ya san ma'ana amma ya rasa makin, domin ba za ta zauna a gurbin ba. A koya wa yaro ya mayar da kalmarsa cikin jimlar ya karanta ya ji ko ta zauna. Sannan su kansu Sinawa suna kokawa da abin da suke kira Turancin bebe, wato ɗalibi ya ci jarrabawa amma ya kasa buɗe baki, kuma a 2021 gwamnatinsu ta taƙaita aikin gida da lesin na kuɗi ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare saboda nauyin ya yi wa yara yawa. Mu ba ma buƙatar tsare yaro har dare. Minti 20 a rana sun wadatar: takwas na karatu, goma na duba hujja, biyu na wani ya tashi ya ba da labarin matanin da bakinsa.

Iyaye ma da abin yi, ko da ba su yi boko ba. Bayan sallar isha'i uba ko uwa na iya cewa yaro ya faɗa musu da Hausa abin da ya karanta yau. Wanda ya fahimta zai faɗa a jimla uku. Wanda bai fahimta ba zai fara kame-kame, kuma ba sai ka ji Turanci za ka gane haka ba.

Babbar matsalar malaminmu na Mashi ko Ɗanja ko Mai'adua ita ce inda zai samo matani biyar masu kyau kowane mako, da kuɗin kwafi. Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su haɗa malaman Turanci da malaman kwalejojin ilimi na Katsina da Dutsin-Ma su tsara matani 60 na kowane zango, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsauri, a buga a raba. Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka ware mana kwata ɗin shafi kowane mako: matanin Turanci mai kalmomi 300, tambayoyi biyar, sai a mako na gaba a kawo amsoshin tare da bayanin Hausa a kan layin da kowace amsa ta fito.

Wassalam.

Daga wani malamin Turanci,
Ƙofar Sauri, Katsina.