Kafin a ɗora injin huda a kan tankin sigarin lantarki

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwa masu zuƙar sigarin lantarki a nan Legas, musamman matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12, kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa: kai tankin na'urar (mazubin ruwan da ake zuƙar hayaƙinsa) wurin mai gyaran waya ko maƙeri a faɗaɗa ƙofar iska don hayaƙi ya yi yawa. Bayan ɗan lokaci sai a ga jan tabo ya fito a bakin hudar, a ce ai jabun ƙarfe aka sayar. Wani lokaci haka ne, amma sau tari hudar ce ta jawo tsatsar.

Ƙarfen sitenles da ake yin tankin da shi ba wai ba ya tsatsa ba ne sam. Abin da ke kare shi wata fata ce siririya da ido ba ya gani, wadda sinadarin kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska. Samfurin 304 yana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Samfurin 316L an ƙara masa molibdenam kashi 2 zuwa 3, shi ya sa ya fi jure gishiri. Akwai kuma 303 da aka sa wa sulfa don ya yi sauƙin yanka, shi ne mafi saurin tsatsa a cikinsu. To, tsinken huda na gama-gari yana yage wannan fata, kuma yana barin ɓarɓashin baƙin ƙarfensa a manne cikin ramin. Wannan ɓarɓashi ne ke fara yin ja. Ga laimar Legas, ga iskar teku mai gishiri, ga gumin hannu da na aljihu. Abin da zai daɗe lafiya a Kano, nan cikin damina ba ya jimawa.

Kafin ma a kai ga tsatsa, a yi lissafin iskar. Iskar da rami ke ɗauka ba ta ƙaruwa daidai da lambar tsinke. Daga milimita 1 zuwa 1.5, iskar da ramin zai iya ɗauka ta ninka fiye da sau biyu. Zuwa milimita 2 kuwa sau huɗu. Iska mai yawa tana sanyaya kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ɗumama ruwan tankin, ɗanɗano ya tsinke, sai mutum ya ƙara wuta don ya rama, ruwa ya riƙa ƙarewa da wuri, nikotin da ke shiga jiki ya ƙaru, batir kuma ya ɗau zafi. Kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Shawarata ita ce a fara da abin da ba ya ɓata komai: a buɗe zoben daidaita iska, a rage audugar kwayil da ta toshe hanya, a saita kwayil ya fuskanci ramin sosai.

Wanda ya dage sai ya huda, to ya kwance tankin gaba ɗaya, ya cire gilashi, zoben roba da duk wata roba mai raba wuta. A matse ƙarfen a bayis, wato matsen maƙera, da tsumma, kada a riƙe da hannu. A nemi sabon tsinke mai sinadarin kobal wanda bai taɓa cin baƙin ƙarfe ba, a ƙara faɗi kaɗan-kaɗan, kamar milimita 0.2 kowane mataki, ana haɗawa ana gwadawa. Injin ya juya a hankali tare da dannawa daidai, da ɗigon man gyaɗa, domin sitenles idan ya yi zafi tauri yake ƙarawa, tsinke ya dakushe ko ya karye a ciki. Idan ɓarɓashin da ke fita ya zama ruwan ɗorawa, a tsaya nan take: tagulla ce aka yi wa fenti, kuma irinta kan ƙunshi dalma. Wannan ba abin sa wa a baki ba ne.

Matakin da kowa ke tsallakewa shi ne wanki. A goge kaifin bakin ramin da sabuwar takardar yashi mai laushi, a wanke da sabulun kwanuka da buroshin haƙori har maiƙo ya fita. Sannan a narka giram 10 na hodar sitirik, irin wadda ake sa wa lemo don tsami, cikin mililita 100 na ruwa mai ɗumi sosai amma bai tafasa ba, a jiƙa ƙarfen minti 20 zuwa 30. Tsamin yana cinye baƙin ƙarfen da ya maƙale, ya bar kuromiyam ya sake fatarsa. A ɗauraye da ruwan gora, ba na rijiyar da ke da gishiri-gishiri ba, a bar shi ya sha iska kwana ɗaya. Kada soson ƙarfe ya taɓa shi, kada a sa bilic irin Hypo ko Jik, domin sinadarin kulorin rami yake yi wa sitenles. Ɓarɓashi ƙwaya ɗaya da ya rage na iya haɗa wuta, ko ya bi tururi zuwa huhu.

Tabon da ya goge ya bar wurin sumul, na sama ne. Wanda ya bar ƙananan ramuka, ko ya dawo a cikin hanyar iska, a jefar da tankin kawai.

Na'urorin nan na sha-ka-yar da ƙananan da batirinsu ke haɗe a ciki kuwa, don Allah masu gyara a kasuwannin Computer Village da Alaba su daina karɓar aikin huda su. Batirin litiyam yana dab da bangon, tsinke na taɓa shi wuta ce. Haka nan kada a sayar wa yaro ko a gyara masa, nikotin ɗin ciki kama mutum yake yi kamar na taba.

Naka,
Wani mai aikin ƙarfe,
Agege, Legas.