Rahoton ayyukan shekara ga mambobi: abin da muka gano kan shugabanci da ƙirƙira a masana'antunmu

Assalamu alaikum manyanmu da sauran 'yan uwa mambobi. Ga rahoton bana nan, ku yi haƙuri ya makara, laifin sakatare ne wato ni, kada a ga laifin kwamiti.

Kamar yadda aka tsayar a babban taron bara, tambayar da muka sa a gaba bana ita ce me ya sa kamfani biyu za su sayi inji iri ɗaya a wuri ɗaya, su ɗauki ma'aikata masu takardu iri ɗaya, amma bayan 'yan shekaru ka tarar ɗaya ya fito da sabon kaya ya rage asara, ɗayan kuwa yana nan jiya i yau. Da muka fara, amsar yawancinmu har da ni ita ce jari, a ba mu kuɗi mu sayo sabon inji shikenan magana ta ƙare. To zaman da muka yi da ziyarar da muka kai masana'antun juna sun sa da yawa daga cikinmu sun sassauta wannan maganar.

Zaman da ya fi zafi shi ne wanda wani injiniya daga cikinmu ya kawo labarin masana'antar motoci ta Fremont da ke jihar Kalifoniya a Amurka. A lokacin ta kamfanin General Motors (GM) ce, kuma ta yi ƙaurin suna wajen fashin zuwa aiki da rigima tsakanin ma'aikata da manajoji da fitar da motoci masu matsala, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, kuma abin mamakin shi ne yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa jin magana, aka kai wasu Japan suka ga yadda ake aiki, ba a daɗe ba motocin da suke haɗawa suka shiga sahun gaba wajen inganci a cikin masana'antun GM gaba ɗaya. A da doka ita ce layin haɗa motoci ba ya tsayawa ko me ya faru, ko ka ga an ɗaure abu a karkace ka bar shi ya wuce a gyara daga baya. Da Toyota ta zo sai ga igiya a saman kowane ma'aikaci, ana ce mata andon, in ka ga matsala ka ja, shugaban rukuninka ya taho da sauri ya taya ka, in ba ta warwaru ba layi ya tsaya.

Nan fa aka yi ta musu. Wani dattijo cikinmu ya ce in ya ba yaransa igiya irin wannan to ranar ko kwali ɗaya ba zai fita ba. Aka yi dariya, amma wata manaja ta mayar masa da tambaya, ta ce Alhaji ranar da yaro ya tsayar maka da inji don ya ji wata ƙara da bai gane ba, me ka fara ce masa? Shiru ya yi. Ni a ganina duk aikin bana a wannan tambayar ya tattaru, domin ma'aikaci ba ya karanta takardar manufofin kamfani da aka manna a bango, fuskar oga yake karantawa ranar da aka kawo masa labari mara daɗi. Kuma wannan ɗabi'a ta Toyota ba da rana tsaka ta faɗo ba, tun 1924 Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motoci na Toyota, ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa in zare ya tsinke, tsarinsu na karɓar shawarar ma'aikata kuwa tun 1951 yake tafe.

Maganar shawarar ma'aikata ta kai mu ga abin da muka gani da ido a wata ziyara, ba zan faɗi masana'antar wa ba ce don mai ita ya karɓe mu hannu bibbiyu. Akwai akwatin shawara a bakin ƙofa, fenti mai kyau, kwaɗo a jiki. Muka ce a buɗe, aka nemi makulli sama ko ƙasa aka rasa, sai da aka kawo guduma. A ciki akwai takardu da suka yi jawur, ɗaya daga ciki wani mai kula da injin cika kwalba ne ya rubuta cewa in aka ɗan sauke kan bututun aka sa roba a gefen da kwalabe ke gogar ƙarfe za su daina faɗuwa. Muka leƙa layin, kwalabe na nan suna faɗuwa, ga yaro guda an ajiye aikinsa kawai tsince su. Da aka kira wanda ya rubuta ya ce ai ya faɗa wa sufabaiza da baki ma, aka ce masa ba don tunani aka ɗauke shi ba. An gwada shawarar tasa a satin, mai masana'antar da kansa ya bugo min waya ya ce ta yi.

Kada a ɗauka matsalar ta ƙananan ma'aikata ce kawai, a sama ma haka take. Mun tattauna Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, inda injiniyansu Steve Sasson ya haɗa kyamarar dijital tun 1975, ilimin yana cikin gida, amma ribar fim ɗin da ake sa wa kyamara ta yi daɗi har shugabanni suka kasa sakin ta da wuri, a Janairun 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewa. Abokiyar hamayyarta Fujifilm ita ma kasuwar fim ta rushe mata, sai dai a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Shigetaka Komori sun zauna sun lissafa abin da suka iya na haɗa sinadarai da shimfiɗa su siriri a kan abu, suka kai shi fannin kayan asibiti da fatar allon talabijin da kwamfuta har da man shafawa. Wannan lissafin mun ce kowane mamba ya je ya yi nasa, ya rubuta abin da masana'antarsa ta ƙware a kai ban da sunan kayan da take sayarwa. Kaɗan ne suka dawo da amsa, gaskiya abin bai min daɗi ba.

Labarin Zhang Ruimin na kamfanin Haier a China, da ya sa aka farfasa firji 76 masu matsala da guduma a gaban ma'aikata a 1985, shi ne mambobi suka fi so, har tafi aka yi. Ni dai ina ɗan tsoron wannan son, saboda ɗaga guduma kowa zai iya kwaikwaya, shekarun da aka kwashe bayan nan ana gina tsarin duba inganci su ne ba wanda ya tambaya. Haka ma tsarin kamfanin 3M na Amurka na barin masu bincike su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacinsu kan abin da suka ga dama, wanda ake dangantawa da fitowar takardar manne ta Post-it a 1980, mun yarda ƙaramar masana'anta mai aiki ba dare ba rana ba za ta iya shi yadda yake ba. Abin da wasu suka gwada shi ne ɗan zama a tsaye kafin masu aikin safe su miƙa wa na yamma, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ba shi wahala yau, a rubuta a allo da sunan wanda zai bi maganar. Inda manaja yake zuwa da kansa abin ya ɗore, inda ya wakilta wani kuwa ko wata biyu bai kai ba.

Wani abin da ya fito fili a ziyarce-ziyarcen shi ne ilimin da ke cikin kan mutum ɗaya. Kusan kowace masana'anta akwai wani tsohon makaniki da in ya yi zazzaɓi inji ma ya kwanta, shi kaɗai ya san saitin, ba a rubuce ba, kuma wani lokacin shi ma ba ya so a rubuta don yana ganin shi ne kariyarsa daga sallama. Wannan tsoron nasa ba na banza ba ne, sai shugaba ya ba shi tabbaci da matsayin mai koyarwa kafin ya saki. Kwamitin horo ya fitar da fom mai shafi ɗaya na rubuta matakan aiki da hoto, yana wurina ga mai so.

Abin da ba mu yi ba, horon sufabaizoji da muka yi alkawari bai samu ba, sau biyu ana ɗagawa, ga shi kuwa duk abin da muka gani ya nuna a hannunsu shawara take mutuwa ko ta rayu. Shi ne farkon aikin baɗi in Allah ya kai mu. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗi daban, ya dai ce in tuna wa waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, sun san kansu. Masu son a kai ziyara masana'antarsu su ba ni suna kafin babban taro, kuma don Allah a nemo makullin akwatin shawara tun kafin mu iso.

Naku,
Sakatare