Ɗana, kafin ka sayi bindigar nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Na ji cewa tun ranar 4 ga Satumban 2024, da aka yi harbi a makarantar Apalachee, babbar 'yarka ba ta yi barcin kirki ba, ƙaninta kuma ya koma fitsarin kwance. Na kuma ji abin da ka faɗa a ƙarshe, cewa ka yanke shawarar sayen bindiga ka ajiye a gida. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yara biyu 'yan shekara 14 da malamai biyu sun shiga makarantar sakandaren Apalachee da ke jihar Jojiya ta Amurka da safe, ba su koma gida ba, an kuma kwashi wasu tara zuwa asibiti, wanda ya harbe su ɗin kuma sa'an yaran ne. Mu ma nan mun san nauyin makarar ɗan makaranta, don ba mu manta da yaran Buni Yadi na 2014 ba. Allah ya ba iyayen nan juriya.

Zan fara da jikokina, don su ne a gabanka. Kada ka jira su zo su tambaye ka, domin yaro yakan yi shiru ne in ya ga fuskar babba ta canja. Ka zaunar da kowannensu shi kaɗai, ka ce masa: me ka ji a makaranta? Ka bar shi ya gama, sannan ka gyara abin da ya ji ba daidai ba. Ƙaramin kam, jimla biyu ta ishe shi: wani ya yi amfani da bindiga ya kashe mutane, an kama shi, ba zai iya zuwa nan ba. Ka faɗi kalmar mutuwa ɓaro-ɓaro. In ka ce sun yi barci ko sun yi tafiya, yaron da bai kai shekara bakwai ba zai ɗauki maganar yadda take, sai ya fara tsoron kwanciya, ko ya riƙa kuka duk lokacin da ka ɗauki jaka. Ku kashe talabijin ɗin falo. Ƙaramin yaro in ya ga an maimaita hoton yara suna gudu, yakan ɗauka wani sabon hari ne ake yi kowane lokaci. Fitsarin kwancen kuma ba na duka ba ne, ba na gori ba ne. A shimfiɗa leda, a sauya zani, a yi shiru.

Babbar kam lamarinta daban ne, don abin da ka kashe a falo yana nan cikin wayarta. Kada ka ƙwace wayar, za ta nema a wajen ƙawaye. Ku yi yarjejeniya wayar ta kwana a ɗakinku daga ƙarfe tara. Kada ka yi mata alkawarin cewa hakan ba zai taɓa faruwa a makarantarsu ba, ta san ba ka da ikon wannan, kuma daga nan za ta daina yarda da sauran maganarka. Faɗa mata gaskiya: abu ne mai wuyar aukuwa a kowace makaranta guda, ga kuma abin da manya suke yi. Lokacin abinci, lokacin salla, lokacin barci, kada su motsa daga inda suke. In ta ƙi zuwa makaranta, kwana ɗaya ko biyu babu laifi, amma kada ya zama mako, don duk ranar da ta zauna a gida tsoron ƙara kauri yake yi. Gara ka raka ta har ƙofa, ko ku nemi ta fara da rabin yini.

Mafarkin tsoro, ciwon ciki, firgita in an buga ƙofa ko ƙararrawar gobara ta yi kuka, duk waɗannan sukan lafa da kansu cikin 'yan makonni. Abin da za ka sa wa ido shi ne in an wuce wata guda suna nan ko suna ƙaruwa, ko ta daina ci, ko ta janye daga ƙawayenta. To nan sai likitan yara da mai ba da shawara na makaranta. In kuwa ka ji tana cewa ta gaji da rayuwa, tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin, ƙofa take buɗewa. Lambar 988, wato layin agajin masu tunanin kashe kansu a Amurka, tana aiki dare da rana, kira ko saƙo. A yi mata addu'a, a tofa mata, a kuma kai ta likita. Ɗaya bai hana ɗaya ba. Kada kowa ya ce mata kuka rashin tawakkali ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Ka ce akwai maƙwabtan da 'ya'yansu suke cikin ginin a ranar, kana jin nauyin zuwa don ba ka san me za ka ce ba. Ka je. Mu mun saba da zaman makoki na kwana uku, gida cike da jama'a. Can kuwa bayan makon farko sai 'yan jarida su naɗe kayansu, gida ya yi tsit. A lokacin ne ake bukatarka. Kai musu abinci, ɗauki yaransu zuwa makaranta, yanke musu ciyawa, kada ka tsaya cewa in kuna bukatar wani abu ku faɗa, don mai baƙin ciki ba ya iya tsara bukata. Wanda ya rasa ɗa, ambaci sunan ɗan a gabansa, yana son ji. Kada ka ce masa ai yana da sauran yara, kada kuma ka kawo maganar dokar bindiga a ɗakinsa sai in shi ya ɗauko ta. Hoton maharin da sunansa kada su bi ta wayarka zuwa ta wani, don masu irin wannan aiki suna nazarin waɗanda suka gabace su, suna kwaɗayin sunan da suka samu.

Yanzu bindigar. Na fahimci zuciyarka: uba ya ga an taɓa yara, hannunsa yana neman abin riƙewa. Amma ka tambayi kanka, bindigar da ke ɗakin kwananka ta yaya za ta tsare yarinyar da ke aji? Ba za ta iya ba. Abin da za ta iya shi ne ta canja lissafin gidanka. Daga 2020 bindiga ta zama babbar sanadin mutuwar yara da matasa a Amurka, ta wuce haɗarin mota. A 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Wanda ya sha magani don ya mutu galibi ana ceto shi, ya rayu ya yi nadama. Wanda ya ɗauki bindiga kuwa, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Kana da yarinya mai tasowa da ba ta barci. Wannan kaɗai ya isa ka dakata.

Ka duba kuma daga ina bindigogin hare-haren makarantu suke fitowa. Hukumar da ke tsaron shugaban Amurka ta yi nazarin hare-hare 41 ta fitar da rahoto a 2019, ta gano cewa kusan uku cikin huɗu na ɗaliban da suka yi amfani da bindiga daga gidan iyaye ko na dangi suka ɗauko ta. A Apalachee masu bincike sun ce uban ne ya ba yaron bindigar kyautar Kirsimeti, bayan 'yan sanda sun riga sun zo gidan a 2023 kan wata barazana da aka gani a intanet, shi ya sa aka kama uban shi ma. A Oxford ta jihar Mishigan, a 2021, an sayi bindigar kwana huɗu kafin harin. Da safiyar ranar aka kira iyayen makaranta kan wani zane mai tayar da hankali, suka tafi suka bar yaron, ba wanda ya buɗe jakarsa. Yara huɗu suka mutu, a 2024 kotu ta ɗaure uwa da uba shekara 10 zuwa 15.

Shawarata kada ka saya, aƙalla ba a wannan watan ba. In ka ƙi ji, to ga sharuɗɗan da ba na sassautawa. Fara da takardunka: mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma mai bizar karatu ko ta aiki dokar tarayya ta hana shi sai da 'yan togaciya kaɗan, kuskure a nan yana iya kai mutum kurkuku da kora daga ƙasa. Ka sayi akwatin ƙarfe mai kulle kafin bindigar ta shigo, a ɗaure shi da ƙusa a bango ko a ƙasa. A ajiye ta babu harsashi. Inda mutane suke halaka shi ne su zare gidan harsasai su ɗauka shi ke nan, alhali ɗaya yana nan a gindin bututu. Sai ka ja saman bindigar baya, ka duba da ido, ka taɓa da yatsa. Sannan ka zura kwaɗon waya ta ramin gidan harsasai ya fito ta inda kwanso ke fita, ka kulle. Kwaɗon da ake sa wa kunama kada a taɓa ɗaura shi a bindiga mai harsashi, wajen ɗaurawar ma tana iya tashi. Harsasai su zauna a wani akwatin daban mai nasa kullen. Lambar sirri kada ta zama ranar haihuwar kowa ko ta buɗe wayarka, makulli kuma ya kwana a jikinka. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba ɓoyo ba ne, yara sun fi ka sanin lungunan gidanka, ɗan shekara uku kuma yana da ƙarfin jan kunamar ƙaramar bindiga. Ko ba ka saya ba, duk gidan da yaranka za su je wasa ka tambaya ko akwai bindiga, in akwai ko a kulle take. Kunyar tambayar ta minti ɗaya ce.

Muhawarar da ta cika maka kunne kuwa, ka san tushenta kafin ka sa baki. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, na 1791, shi ne ginshiƙin masu kare bindiga, Kotun Ƙoli kuma ta ce a 2008 haƙƙi ne na mutum ɗaya ya ajiye ta a gidansa, ta ƙara faɗaɗa shi zuwa wajen gida a 2022. Saboda haka abin da Birtaniya ta yi bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, wato hana ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya, ba zai yiwu a Amurka ba yadda doka take yanzu. Ko ƙaramin gyara ma wuya yake yi: bayan an kashe yara 20 da manya shida a Sandy Hook a Disambar 2012, ƙudurin faɗaɗa binciken mai saye ya samu ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, ana bukatar 60, ya faɗi. Sai bayan harin makarantar firamare ta garin Uvalde da ke jihar Texas, a Yunin 2022, aka samu dokar da ta tsaurara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21.

Kada ka ɗauki maƙwabcinka mai bindiga azzalumi. Da yawansu mafarauta ne, ko mazauna karkara da 'yan sanda ke nesa da su, su ma sun yi kuka ranar. Hujjarsu cewa mai tsaro da makami yana ceton rai ta yi aiki a Apalachee, inda malamai suka danna maɓallin gaggawa da ke jikin katinsu, 'yan sandan makaranta suka iso cikin mintuna, yaron ya miƙa wuya. Amma a Uvalde jami'ai 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai biyu suka mutu. Masu cewa matsalar taɓin hankali ce kawai kuma, ai kowace ƙasa tana da masu taɓin hankali. Ni ra'ayina yana tare da dokokin da suke tsayawa tsakanin yaro da bindiga: wajabta kullewa a gidan da ke da yara, ɗaga shekarun saye zuwa 21, da ba alƙali ikon karɓe makami na ɗan lokaci daga wanda ya nuna alamar haɗari. Fulorida, jihar da 'yan Rifablikan ke mulki, ta yi biyun ƙarshe bayan an kashe mutum 17 a Parkland a 2018. Jojiya ba ta da ko ɗaya cikin ukun, kuma irin wannan doka a majalisar jiha da ke Atlanta ake yin ta. Ka rubuta wa wakilin mazaɓarku, ka je taron hukumar makarantu. Ƙuri'a dai kada ka kusance ta sai ka zama ɗan ƙasa.

A makarantar yaran ka tambayi shugabanta abu uku: ko ƙofar kowane aji tana kulluwa daga ciki, wa ake kai wa rahoton barazana kuma me ake yi da shi a ranar, da inda ake haɗa iyaye da yara in wani abu ya faru. Ka sabunta lambobinku a ofishinsu. Ka koya wa babbar cewa in ta ji wani yana maganar harbi, ko da wasa ne, ta faɗa wa babba a take, wannan ba gulma ba ce. Yawancin masu kai harin sukan furta wa wani kafin su aikata. In aka rufe makaranta, kada ka kira wayarta, ƙarar tana iya tona inda suka ɓuya. Tura saƙo gajere, ka ɗauki katin shaidarka, ka tafi wurin haɗuwar da aka sanar.

Kai ma ka yi barci, ka kuma zauna da mai ɗakinka ka ji nata tsoron, kada maganar bindigar nan ta wuce ba da saninta ba. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a ba ta babbar a waya ranar Juma'a in sun taso daga makaranta. Ina jiran amsarka kafin ka taka shagon.

Wassalam.

Mahaifinka.