Wasiƙa daga Jiddah kan kiwon karnuka domin sayarwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci shawarar da kake nema game da ƙaninka, wanda yake son zuba jarinsa a kiwon karnukan waje a bayan garin Kano, ya tara karya ashirin ko fiye, yana haɗa su barbara yana sayar da 'yan kwikwiyon. Tun da aikina a asibitin dabbobi a nan Jiddah ya sa ina ganin inda irin wannan ciniki yake ƙarewa, ba zan ɓoye maka ba cewa hankalina bai kwanta da shi ba ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne uwar, domin a jikinta ake tatsar ribar. Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63, kuma tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, saboda haka wanda ya ƙirga kuɗinsa a kan yawan haihuwa ba zai taɓa barin ta ta huta ba. An taɓa kawo mana wata da aka karɓo daga hannun irin waɗannan masu kiwo. Faratanta sun yi tsawo har sun lanƙwashe saboda zaman keji, haƙoranta sun ruɓe, kuma da muka sauke ta a ƙasa sai ta daskare wuri ɗaya tana rawar jiki, domin ba ta saba taka fili ba. Da haihuwarta ta ragu, mai ita ya daina ganin amfanin ciyar da ita.

'Ya'yan ma ba su tsira ba. Bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8 ba, amma da yake ƙarami ya fi jan idon mai saye, sai a cire shi tun yana mako 4 ko 5, ba a gama yaye ba, ba a yi masa allurar rigakafi ba. Matashi zai ga hoto a intanet, a miƙa masa kwikwiyon a wurin ajiye motoci ba tare da ya ga uwar ba, bayan 'yan kwanaki kuma ya shigo mana da shi yana amai da gudawar jini, wato cutar parvo, wadda ke bin keji-keji a duk inda aka cunkushe karnuka. Muna ƙara musu ruwa, wasu su tashi, da yawa kuma ba sa tashi.

Akwai kuma batun iri. Karen husky, wanda asalinsa daga Saibiriya yake, yanki mai tsananin sanyi a Rasha, ba shi da abin yi a zafin Jiddah ko na Kano a watan Afrilu. Masu gajeren hanci irin su pug da bulldog na Faransa kuwa da wahalar numfashi ake haifarsu, kuma da yawa daga cikin matan bulldog sai an yi musu tiyata suke haihuwa.

Wasu ƙasashen sun ɗauki mataki. A Ingila, tun watan Afrilu na 2020 aka hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai mutum ya je wurin mai kiwon da kansa ko gidan kula da dabbobin da aka yasar. Saudiyya ma ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf a 2013, sai dai doka ba ta ganin abin da ke bayan ƙofar da aka kulle.

Kai ka fi ni karatu, don haka ka san an halatta karen farauta da na kiwo da na gona, ka kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da hanin da ya zo kan kuɗin kare, wanda malamanmu na Malikiyya suka yi saɓani a kansa idan karen na farauta ne ko na gadi. Wannan ɓangaren ya kamata ƙaninka ya kai wa malami kafin ya kashe ko sisi. Mafarautanmu na gida ma suna haɗa karnukansu, amma kowane kare yana da suna, yana gudu a dawa, kuma maigidansa ya san ranar da bai ci abinci ba. Wanda ya tara ashirin a keji ba zai iya sanin haka ba.

Idan ƙaninka ya dage, to ya tsaya a kan biyu ko uku na irin da ke jure zafi, da fili da inuwa da ruwa, da likitan dabbobi mai duba su, ya hutar da uwar tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma kada ya sayar wa wanda bai zo ya ga uwar da idonsa ba. Ka faɗa masa tun yanzu cewa ribar ba za ta kai wadda ya lissafa ba. Ka ba shi lambata ya kira ni bayan sallar Isha, in yi masa bayanin kuɗin rigakafi da na abinci dalla-dalla.

Ka gaishe min da Hajiya da maiɗakinka da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka da ke Jiddah.